Gona a ƙauye, mai ita a birni: ina ake samun sabon hoto daga sama?

Gani ya kori ji, in ji masu iya magana. Shi ya sa a ƴan shekarun nan dillalan filaye suka rage yawan rantsuwa, suka koma nuna hoto. Ɗan kasuwa yana zaune a shagonsa cikin babbar kasuwar Maraɗi, ko ma'aikaci yana bakin aikinsa a Yamai, sai saƙo ya shigo masa ta WhatsApp: ga wata garka a bakin gulbi an ɗauko ta daga sama, an kewaye ta da jan zane, mangwaro ya yi duhu, ga rijiya a tsakiya, ga hanyar mota ta biyo ta gefe. Kuɗinta kaza, kuma wai akwai wani Alhaji da ke shirin biya gobe da safe. Hoton ba na jabu ba ne, wurin ne kuwa babu shakka. Abin da ba a faɗa wa mai saye ba shi ne shekarar da aka ɗauki hoton, balle ya san ko ambaliya irin ta 2024 ta bar mangwaron nan a tsaye, ko kuwa ruwa ya riga ya zaftare rabin filin ya wuce da shi.

Ba mai saye kaɗai abin ya shafa ba. Akwai malamin makaranta da aka tura aiki Diffa alhali gonar gadonsu tana ƙasar Tasawa, yana jin ƙishin-ƙishin cewa maƙwabci na cin iyaka kowace damina. Akwai ɗan kasuwar da ya aika kuɗin iri da taki da na ƴan ƙwadago, yana so ya tabbatar an shuka hekta biyar ɗin da aka ce masa an shuka. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17, ƙasar noma kuwa ba ta haihuwa. Taku biyu na iyakar gona, wanda kakanni za su bar wa juna da dariya, yau shi ke kai ƴan uwa gaban alƙali.

Ranar hoto, ba shekarar tambari ba

Mafi yawan hotunan da ke yawo a wayoyin mutane daga Google Maps ko Google Earth aka kwafo su. Kuskuren farko da jama'a ke yi shi ne zaton cewa tauraron ɗan Adam yana nan a tsaye bisa ƙauyensu, yana nuna abin da ke gudana a wannan sa'a. Ba haka ba ne. Google yana sayen hotuna daga kamfanonin da suka mallaki taurarin, ya harhaɗa su kamar yadda tela ke haɗa ƙyalle, wannan yanki na bana, na kusa da shi na shekara uku da suka wuce. Manyan birane su ake yawan sabuntawa. Karkara kuwa tana iya yin shekaru ba a taɓa ta ba, kuma babu wanda zai sanar da mai kallo. Wani lokaci ma ana ganin ɗinkin da ido: gefe ɗaya na gona kore shar, ɗaya gefen fari fat, domin an ɗauki rabi da damina, rabi da rani.

Kuskure na biyu ya fi yaudara. A ƙasan hoton akwai ƙaramin rubutu mai ɗauke da tambarin haƙƙin mallaka da shekara a gefensa, kuma sau da yawa shekarar da ake ciki ce. Dillali na iya nuna ta da yatsa ya ce hoton bana ne, mai yiwuwa ma shi kansa haka ya ɗauka. Wannan shekara ta haƙƙin mallaka ce kawai. Ranar da aka ɗauki hoton daban take, kuma Google Earth ne ke nuna ta, ba Google Maps ba. Manhajar Google Earth Pro ta kwamfuta, wadda ta zama kyauta tun 2015, tana rubuta ranar a ƙasan allo, sannan tana da alamar agogo a sama wadda in an taɓa ta za a iya ja da baya a ga duk tsofaffin hotunan wurin, ɗaya bayan ɗaya. Tun 2024 wannan dama ta shigo cikin Google Earth na wayar salula.

Wannan agogo ya fi sabon hoto amfani a rigimar iyaka. Hoto guda yana nuna inda layin gamba ko shingen aguwa yake a rana ɗaya. Hotuna shida na shekaru daban-daban su ke nuna ko layin yana tafiya. Wanda ke son ya ga ƙarfin abin ya duba shingen itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, ya ja agogon daga farkon shekarun 2000 zuwa yau, ya ga yadda gine-gine suka riƙa gutsurarsa. Idan hoton Google ya tsufa, yana da kyau a leƙa Bing Maps da kuma taswirar kamfanin Esri, domin ba hoto ɗaya suke saye ba. Na Esri yana da ma'ajiya mai suna Wayback da ke adana tsofaffin zubinsa tun daga 2014.

Kafin duk wannan, sai an gano gonar tukuna. Neman ta da sunan ƙauye wahala ce, domin Sabon Gari da Gidan wane sun fi a ƙirga, ga kuma rubutun Faransanci da ya mai da Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji. Hanya mafi tabbas ita ce a aiki mutum amintacce ya tsaya a kowace kusurwa ta gonar da waya mai GPS, ya rubuto lambobi biyu da ta nuna. A nan ma sai an yi hattara da wadda ke gaba. Maraɗi tana wajen 13,5 arewa da 7,1 gabas. Wanda ya juya lambobin nan biyu zai tsinci gonarsa a kusa da Ngaundare ta ƙasar Kamaru, cikin ciyawa da duwatsun da bai taɓa gani ba.

Sabo amma dishi-dishi, ko tar amma tsoho

Hoto sabo fil yana nan, kuma kyauta. Tarayyar Turai tana da taurari masu suna Sentinel-2, na farkonsu an harba shi a 2015, na biyu a 2017, na uku a 2024. Kowane kwana 5 suna ratsawa ta saman wuri guda da hantsi, kuma duk wanda ya buɗe shafin Copernicus Browser a intanet yana iya ganin hoton gonarsa na makon jiya. Amurka ma tana da Landsat, jerin taurarin da suka fara aiki tun 1972, waɗanda aka buɗe ma'ajiyarsu kyauta a 2008. Biyun da ke aiki, Landsat 8 da 9, suna dawowa wuri guda kowane kwana 8 in an haɗa su.

To, ina gizo ke saƙa? Hoton tauraro ɗigo-ɗigo ne, kuma kowane ɗigo yana wakiltar wani yanki na ƙasa. A Sentinel-2 ɗigo ɗaya mita 10 ne tsawo da faɗi, wato hekta guda ɗigo 100 ce kacal. A Landsat ɗigon mita 30 ne, hekta ba ta wuce ɗigo 11 ba. Rumbu ba ya fita a irin wannan hoto, rijiya ba ta fita, layin gamba mai faɗin kamu biyu kuwa ko alamarsa. Wanda ya shiga da niyyar ƙirga itatuwan mangwaro zai fito da ɓacin rai.

Amma a ce ba shi da amfani, an yi masa ƙazafi. Tambayoyin da suka fi cin kuɗin mai gona shi ke amsa su. Gonar da aka shuka da wadda aka bari saura ba sa kama da juna a watan Satumba, musamman in an zaɓi zubin da ke nuna tsiro da jan launi, inda hatsi mai ƙarfi ke fitowa ja wur, ƙasa tsirara kuma fari-fari. Mai niyyar sayen fadama a Gulbin Maraɗi, ko Gulbin Kaba, ko kwarin Majiya, ko Koramar Damagaram, yana iya bin hotunan Agusta zuwa Oktoba na shekara bakwai ko takwas a jere, ya ga inda ruwa ke kwanciya da kuma makonni nawa yake yi kafin ya janye. Babu dillalin da zai ba shi wannan labari. Matsalar damina ita ce hadari: girgije ɗaya ya isa ya rufe ƙauye, sai a jira kwana biyar na gaba. Da hunturu kuma ƙura ke dushe hoton. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan an yi girbi kuma kafin a saki gonaki dabbobi su tattake kara, sararin sama ya fi washewa, gonaki kuma sun fi rarrabuwa da juna.

Akwai wani tarko da baƙo ke faɗawa, ɗan ƙasa kuwa ya san shi tun yana yaro. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Wanda ya dubi hoton Agusta ya ce an sassare gawon gonarsa, ya dakata ya dubi na Fabrairu kafin ya ɗaga waya ya zagi ƙaninsa.

Hoto mai kaifi kuma sabo, wannan na kuɗi ne. Taurarin Pléiades na Faransa suna ba da ɗigo mai santimita 50, Pléiades Neo da WorldView-3 na Amurka kuma wajen santimita 30. A santimita 50, hekta guda ɗigo 40 000 ce. Ana ganin rumbu, ana ganin shinge, ana ƙirga itace ɗaya-ɗaya. Ana iya sayen wanda aka riga aka ɗauka, ana kuma iya ba da odar a ɗauko sabo. Sai dai kamfanonin ƴan sari ne, ba sa awo da tiya. A bisa al'ada mafi ƙarancin abin da suke sayarwa daga ma'ajiya shi ne murabba'in kilomita 25, wato hekta 2 500, sabuwar oda kuma ta fi haka faɗi da tsada. Mai hekta uku ba shi da dalilin sayen wannan shi kaɗai. Ga ƙungiyar manoma, ko ƙaramar hukuma, ko ƴan kasuwa goma masu garake a kwari ɗaya, lissafin yana iya fita.

Saura jirgi marar matuƙi, wanda ke tashi ƙasa-ƙasa ya ɗauko hoton da ko ramin shuka ana gani. Ga gona guda babu abin da ya kai shi. Amma a halin tsaron da Sahel ke ciki, tayar da shi ba tare da izinin hukuma ba neman fitina ne da kuɗin mutum, kuma mai hankali zai nemi masu aikin da ke da takardunsu, ya kuma sanar da mai gari kafin wani abu ya fara shawagi bisa gidajen mutane.

Abin da ke cikin tsofaffin akwatuna

Wani lokaci ba sabon hoto ake bukata ba, mafi tsufa ake nema. A shekarun 1950 jiragen hukumar taswira ta Faransa sun ɗauki hotunan kudancin ƙasar nan, aka sake wani zagaye a 1975. Hukumar taswira ta ƙasa, IGNN, da ke Yamai, ita ce ƙofar farko da mai neman irin waɗannan zai ƙwanƙwasa. Hotunan 1975 an ɗauke su a ma'aunin 1/60 000, ma'ana milimita ɗaya a takarda mita 60 ce a ƙasa. Ba za su raba gardamar taku biyu ba, amma suna nuna inda daji yake, inda gonaki suka tsaya, da inda burtali ya bi. Akwai kuma hotunan taurarin leƙen asirin Amurka masu suna Corona, na tsakanin 1960 da 1972, waɗanda aka cire wa sirri a 1995, ana kuma nemansu a shafin EarthExplorer na hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban fari, ta daɗe tana aiki da hotunan taurari don bin sawun damina da makiyaya, tana kuma horar da ma'aikata a kai. Aikinta na yanki ne ba na gonar mutum ɗaya ba, amma yawancin waɗanda suka iya karanta hoton nan a ma'aikatun noma da na gandun daji sun san hanyarta.

Tsofaffin hotunan nan sun taɓa yi wa manoman Nijar shaidar da babu wanda ya zata. Shekara da shekaru ana rubutawa a rahotanni cewa hamada na cinye ƙasar kuma manomi ne ke sare itace. Da wani masani Ba'amurke, Gray Tappan, ya jera hoton garin Galma na ƙasar Madawa na 1975 kusa da na 2003, sai aka ga itatuwa sun ninka a cikin gonaki, alhali mutanen garin ma sun ƙaru. Binciken da shi da Chris Reij da masana ƴan ƙasa irin su Mahamane Larwanou suka yi a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa ya kai ga ƙiyasin hekta wajen miliyan 5 da itace wajen miliyan 200, yawancinsu ba dasa su aka yi ba, tohon kututture ne manoma suka riƙa bari suna gyarawa, abin da ake kira sassaben zamani. Mutanen Magarya da Matamai da Mirya sun san gawonsu ya dawo. Sai da aka gani daga sama ne duniya ta yarda.

Hoto ba takarda ba ne

A nan ne ya kamata mai karatu ya rage murna. Tauraro yana ganin wanda ke noma, ba ya ganin mai gona. Gonar gado, da ta aro, da ta jingina, da ta haya, duk launinsu ɗaya daga sama. Mutumin da aka ara wa uban nasa gona shekara talatin da suka wuce zai iya kawo hotuna goma da ke nuna shukarsa, kuma ko ɗaya ba zai mai da aro ya zama mallaka ba. Jan zanen da dillali ya kewaye fili da shi kuwa, yatsansa ne ya ja shi.

Ko awon ma sai a yi hankali. GPS na wayar salula yana kuskuren mita 3 zuwa 5, wani lokaci fiye, hoton Google kansa kuma yana iya gocewa da wasu mitoci daga ainihin wurin. Kuskuren mita 5 a gefen gona mai tsawon mita 200 ya kai murabba'in mita 1 000, kashi ɗaya cikin goma na hekta. An zubar da jini a kan abin da bai kai haka ba. Don sanin kimanin faɗin gona kafin a yi ciniki, waya ta isa. Don kafa turakun siminti da neman takardar mallaka ta dindindin, sai ma'aunin ƙasa mai lasisi da kayan aikinsa.

Hatsari mafi girma shi ne na fili da ake gani kamar babu mai shi. Mai kuɗi a birni yana duba allo, ya hango wani sarari ba shuka ba gini, ya ce ga banza ta faɗi. Sau da yawa wannan sarari makiyaya ce, ko burtali, ko mashayar dabbobi, ko saurar da aka bari ta huta. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 kuma ta hana wani ya mallake filin kiwo shi kaɗai. Wanda ya manta dalilin waɗannan dokoki ya tuna Toda, a ƙasar Gidan Rumji, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Hoton rani ba ya nuna garken da zai sauko bayan girbi.

Hanyar da doka ta shimfiɗa tana cikin Kundin dokokin karkara, wanda aka kafa tushensa da dokar 2 ga Maris 1993. Ita ta haifar da hukumomin kula da filaye da aka fi sani da Kofo, tun daga na gunduma, da na ƙaramar hukuma, har zuwa na gari ko na rugga, inda mai gari ke shugabanta. Su ke ba da takardar shaidar saye, ta kyauta, ta riƙon gargajiya, da yarjejeniyar aro, haya ko jingina, bayan an je wurin an kira maƙwabta. In rigima ta tashi, sarakunan gargajiya ke fara sulhu a rubuta abin da aka cimma, in ya faskara a wuce kotu. A duk waɗannan matakai hoto yana da wurin zama, amma a matsayin mai taimaka wa shaidu. Dattijon da ba zai gane taswira ba yakan gane hoto nan take in an nuna masa tsamiyar bakin hanya da tsohuwar rijiya, daga nan sai ya bi da yatsa ya ce iyaka ta nan ta bi.

Saboda haka mai shirin biyan kuɗin garkar nan ta bakin gulbi yana da aikin kwana biyu ko uku a gabansa. Ya karɓi lambobin kusurwoyi daga bakin wanda ya aika da kansa, ba daga dillali ba. Ya duba ranar hoton a Google Earth, ya ja agogo baya, sannan ya bi Sentinel-2 na daminar bara da ta bana ya ga inda ruwa ya kwanta. Ya buga hoton a takarda babba, ya rubuta ranar ɗauka da lambobin a gefe, ya hau mota ya kai shi gaban mai gari. A taka iyakar da ƙafa tare da maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, kowa ya ga inda aka sa alama, kafin sakataren Kofo ya cika takarda a haɗa hoton a bayanta. Idan Alhajin da aka ce zai biya gobe da safe ya riga shi, sai ya riƙe lambobin: bayan kwana biyar tauraron zai sake bi ta wurin, kuma akwai wasu garake a gefen.